Dabinon Masu Gari

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a ƙahawar Ammi Yusuf bayan La'asar sai a zagaye ni: "Abu Fatima, yaya Amurka? Ka sayi filin? Ina zinariyar?" Idi ɗan Damagaram har laluba aljihuna ya yi. Na gaji da ba da labari gutsi-gutsi, kowa ya tafi ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai kare ne ya koro ni daga filin jirgi. Karen gaskiya ne, korar ce ƙarya. To ga labarin daga bakin mai shi, kuma duk wanda ya sake tambayata bayan wannan shi zai biya shayin.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Umar, direba ne ni a wani gida a Abhur, nan Jidda. A unguwar Sa'alaba aka haife ni, a nan aka haifi Ummata. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi Hajjinsa, ya manta hanyar komawa, ga mu nan jikokinsa da iƙama, takardar zaman baƙi, a aljihu. Shekarar da aka yi rusau aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidanmu, muka kwashi abin da ya kwasu. Umma ba ta kula firji ba, ba ta kula kujeru ba. Ƙofar gidan ta ce a cire mata. Ƙofar ƙarfe ce koriya, marigayi babanmu ya sa aka ƙera ta shekarar da aka haife ni. Muka yi ta nishi muka hau da ita saman benen da muke haya yanzu, muka jingine ta da tankin ruwa. Umma ta ce ba ta roƙon Allah komai na duniya sai ta ga an kafa ƙofar nan a ƙasar da ba mai zuwa ya ce mana mu tashi.

Ƙanena Haruna ne ya kunna wutar. Cacar biza ta faɗo masa, yana tuƙa babbar mota a Denba, jihar Kolorado. Ya bugo waya yana ihu kamar mai tallan kifi. "Yaya, a nan ko baƙo ne kai, in ka sayi fili naka ne har jikoki! Ba kafili, ba komai. Akwai wani a kan dutse, har da rafi, kuma wallahi an ce akwai zinariya a rafin." Umma ba ta ji zinariya ba, "har jikoki" kawai ta ji. Muka tattara ɗan abin da muke da shi, aka ce in je in gani da idona. Kafilina, ubangidan da takarduna ke hannunsa, ya danna mini izinin fita da dawowa a wayarsa yana dariya. "Amrika? Inta, kai ɗin? Tayyib, ba laifi, amma kada ka dawo mini da gajeren wando."

Ranar tafiya Umma ta miƙo mini kwalin dabino ajwa na Madina. "Wannan ba naka ba ne, ba na Haruna ba ne, na masu gari ne," in ji ta. "Baƙo ba ya shiga gari ya kafa ƙofa bai gaida masu shi ba. Ka neme su, ka yi sallama, ka ce wata tsohuwa ce ta aiko ka neman izini. Ka ji ko?" Na ce na ji. A raina na ce wannan ai mai sauƙi ne, ko'ina akwai mai unguwa.

Jirgi ban da abin cewa a kansa sai rana da ta ƙi faɗuwa. Na yi Azahar, na jira La'asar, na yi barci, na farka, na ci abinci, na sake barci, rana tana nan tsaye a taga. Wani ɗan Masar da ke kusa da ni ya ce ai bin ta muke yi. Na ce to Allah ya karɓa yadda ya samu.

A bakin shiga ƙasar aka kawo mini tafinta, wata 'yar Labanan, domin Turancina bai wuce na hanya ba: dama, hagu, tsaya. Jami'in ya juya fasfona ya ce daga ina nake. Na ce Jidda. Ya ce fasfon ai na Najeriya ne, wane gari nake zaune a can? Na ce ban taɓa taka ƙasar ba. Ya dube ni, ya dubi fasfon, ya ce to ni ɗan ina ne? Na ce wa tafintar ta gaya masa in ya gano amsar ya taimaka ya sanar da ni, mu ma mun daɗe muna nema. Allah ya saka mata da alheri, ba ta fassara ba. Ana cikin haka sai ga karen nan, ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa, sanye da rigar aiki. Ya zo ya zauna a gaban jakata kamar wanda aka gayyata. Kilishin da matata ta yi wa Haruna ya jiyo. Aka kwashe shi tas aka jefa a kwandon shara ina kallo, raina ya ɓaci ƙwarai. Dabinon kuwa suka buɗe, suka shinshina, suka tsattsaga biyu, suka mayar mini.

Haruna ya yi ƙiba, ya koyi cewa "oke" a ƙarshen kowace magana. Ɗakinsa a hawa na uku yake, kafin in kai na zauna a matakala ina haki. Ya ce garin ne a sama yake, iskar ba ta da ƙoshi. Bayan gida ba tiyon ruwa, sai wata tsohuwar robar madara ya yanke ya mai da ita buta. Shayi kuwa da ƙanƙara suke sha. Farantin mutum ɗaya a gidan abinci ya ishi gidanmu har da maƙwabta, amma na yi ta marmarin ful da tamis, wake da gurasarmu ta safe, har ina mafarkinsu. Mutanen suna da fara'a, wannan ba zan ci amanarsu ba. Kowa ya gan ka sai ya buɗe haƙora, amma kafin ka ce ina gajiya, ina iyali, ya kai ƙarshen layi.

Washegari na ɗauko kwalin na ce Haruna ya kai ni wurin mai unguwa. Ya ce babu. Na ce to dattijon layin. Ya ce babu. Na ce matar nan da ke kula da benen fa? Ya ce 'yar Meksiko ce, shi ya riga ta zuwa. Na mai da dabino jaka.

Muka kama hanyar duwatsu. Ni da na saba da shimfiɗaɗɗen titin Abhur, sai ga hanya tana nannaɗewa a gefen rami, ba ko shinge. Duk tafiyar ƙafata tana taka birkin da babu shi. Abin da na lura da shi a hanya shi ne wani suna da ke ko'ina, Yut. Masaukin Yut, titin Yut, shagon Yut, har da wurin wankin mota. Na ce wa Haruna wannan Alhaji Yut ɗin ba ƙaramin attajiri ba ne, watakila shi ne mai garin. Ya ce shi dai bai sani ba, kaya yake kaiwa.

Muka sauka a wani tsohon garin masu haƙar zinariya. Zinariyar ta ƙare tuntuni, yanzu labarinta suke sayarwa. Wani Bature mai gemu har ƙirji, da tsohuwar hula da wandon kakanni, ya tara mu a bakin rafi, ya ba kowa tasa. Ka biya kuɗinka, ka shiga ruwan sanyi, ka yi ta rairayar yashi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na naɗe jallabiyata na shiga. Santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a cikin ruwa, wasu tsofaffin mata suka yi ta ɗaukata hoto. Abin da na samu ƙwayar gero ta fi shi girma. Don kada in dawo hannu rabbana na sayi 'yar kwalba cike da ƙyalli a shagonsu.

Mai gemun ya yi mana jawabi, Haruna yana fassara mini. Wai kakanninsu jarumai ne, sun keto daji da jakuna da diga, suka tarar da duwatsun nan ba kowa, suka gina gari. Na ce Haruna ya tambaye shi wane ne Yut. Ya ɗan sosa gemu ya ce ai wata ƙabila ce ta mutanen da, a nan suke zaune, amma sun tashi. Na ce yanzu ka ce ba kowa. Ya yi dariya ya ce a zo a ga inda ake sayar da huluna.

"Sun tashi." Na san irin wannan tashin. Mu ma haka ake faɗa, mutanen Sa'alaba sun tashi, kamar wata safiya ce muka ga dama muka naɗe tabarma.

Dillaliyar filin ta same mu da rana, mace mai fararen haƙora da babbar mota. Filin kam ba laifi: itatuwa, duwatsu, ga rafin yana gudu. Har na zaɓi inda ƙofar Umma za ta tsaya, tana fuskantar gabas. Amma ni ɗan gidanmu ne, ba a sayen fili sai an bi asalinsa. Na ce a wurin wa aka saya? Ta ce wani kamfani. Kamfanin fa? Wurin wani mai kiwon shanu. Shi fa? Wurin wani mai haƙar zinariya. Shi kuma fa? Ta ce gwamnati ce ta ba shi. Na ce gwamnatin fa, a wurin wa ta samu? Ta duba wayarta, ta duba sama, ta ce yarjejeniya aka yi da Yutawa, tun zamanin da. Na ce alhamdu lillahi, ashe su ne masu garin, ina suke? Ta nuna kudu da hannu ta ce da nisa.

A cikin mota muka yi ta da Haruna.

"Yaya, don Allah kada ka kunyata ni. Nan ba Sa'alaba ba ce. A nan takarda ita ce komai, oke? Matar nan tana da takarda, halas, magana ta ƙare."

"Ni za ka gaya wa takarda? Tun ina da wayo nake sabunta takarda, ya akhi, har yau ba ta zama gida ba."

"To yanzu sai mu yi ta yawo da dabino kamar masu neman aure?"

"Kira Umma ka gaya mata ka hana a kai."

Bai kira ba. Ya tayar da mota yana gunaguni da Larabci, domin ya san da Hausa zan fi jin zafi.

Muka gangaro daga duwatsu, itatuwa suka ragu, ƙasa ta bushe. Ni duk zatona zan ga mutane a kan dawaki da gashin tsuntsu a ka, irin na finafinan da muka kalla muna yara. Sai na ga gidan mai, makaranta, asibiti, da wani ƙaton gidan caca na ƙabilar, cike da motocin Turawa da suka zo zubar da kuɗinsu. Caca haram ce, na sani, amma na ce a raina ko ba komai zinariyar tana dawowa gida kaɗan-kaɗan.

A gefen gidan man na shimfiɗa kwali na ta da La'asar. Da na sallame sai na ga wani dattijo tsaye a bayana, ya ɗaga hannu ya tsai da wata mota da ke son yin baya ta kaina. Hular ƙwallo ce a kansa, da kitso ɗaya dogo fari a bayansa. Sunansa Lenad, tsohon direban motar 'yan makaranta ne, Bayute. Da ya ji daga Saudiyya nake sai ya ce ina rijiyar man tawa? Na ce Haruna ya ce masa tana inda ya ajiye gashin tsuntsunsa. Ya yi dariya har ya dafa mota. Direba da direba ba sa rasa abin faɗa, kafin wani lokaci ya ja mu gidan ƙanwarsa.

Ta soya mana wani abu kamar fanke amma mai faɗi, da zuma. Na yaba, sai Lenad ya ce ba abincin kakanninsu ba ne. Lokacin da aka hana su farauta aka koma raba musu fulawa da kitse, shi ne mata suka ƙirƙiro shi don kada yara su mutu. Daga nan labari ya ɓalle.

Ya ce duk duwatsun da muka keto nasu ne, da rani su hau, da sanyi su sauko. Da Turawa suka fara zuwa 'yan kaɗan ne, har hanya aka nuna musu. Sai wani ya tsinci rawayan dutse a rafi. Aka zauna aka yi takarda da hatimin gwamnati: ku bar mana nan, can naku ne har abada. Ba a jima ba aka tsinci dutsen a can ɗin ma, masu diga suka shiga ba sallama. Maimakon a fitar da su, sai aka sake kiran taro aka yi sabuwar takarda. Ya ce a wani zaman kakanninsu sun ɗauka ramukan haƙa kawai suka sayar, ashe a rubuce har da duwatsun gaba ɗaya. Daga baya aka turo wa 'yan'uwansu na arewa wani jami'i da ya rantse sai ya mai da su manoma, har ya sa garma a filin da suke sukuwar dawaki. Rikici ya tashi. "Mun kashe shi, mun kashe sojoji, ba zan ɓoye maka ba," in ji Lenad. "Su kuma abin da suke jira ke nan." Jaridu suka ɗauki ihu sai Yutawa sun bar jihar. Aka tasa na arewa a gaba da bindiga, mata da yara da tsofaffi, zuwa wata busasshiyar ƙasa a yamma. Kafin ƙurarsu ta kwanta masu jiran fili sun shiga suna kafa turaku.

Na zauna ina lissafi irin namu na Jidda. Mutane sun shigo ba biza, ba kafili, ba iƙama, sun wuce wa'adi, ba wanda ya kama su, ƙarshe ma su suka buɗe ofis suna tambayar wasu daga ina suke. Mu kuwa kakanmu Hajji kawai ya zo.

Sai na tashi na ɗauko kwalin. Na cire takalmi, na durƙusa a gaban Lenad yadda ake gaida manya, na miƙa da hannu biyu. Haruna ya sunkuyar da kai don kunya, amma ya fassara. Na ce tsohuwata ce ta aiko ni. Na ba shi labarin jan fenti, da ƙofar da ke jingine da tanki, da filin da muka gani. Na ce ta ce in yi sallama ga masu gari in nemi izini.

Ƙanwar tasa ta juya ta shiga kicin, na ji tana fyace hanci. Lenad ya buɗe kwalin ya ɗauki ɗaya ya ci, ya daɗe yana juya ƙwallon a hannu.

"Tun da baƙi suka fara zuwa ƙasar nan," in ji shi, "ban taɓa jin wanda ya yi sallama ba sai mahaifiyarka. Kwarin da ka faɗa, nan dangin kakata suke kai dawaki da rani. Ba zan ce kada ka saya ba, in ba kai ba wani zai saya. Amma tsaya, rafin nan an ce akwai zinariya?"

Haruna ya yi farat ya ce ƙwarai, shi ya sa ma filin ke da daraja. Lenad ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To ku gudu. Mu da muke da hatimin gwamnati guda, dutsen nan ya cinye shi. Nan da aka turo mu don ba mai so, da aka gano gas a ƙarƙashi sai ga su sun dawo da sabuwar takarda, da ƙyar muka riƙe. Ka gaya wa tsohuwa na karɓi gaisuwarta, na gode. Amma ƙasar da take nema, wadda ba a cewa tashi, mu ma da muka riga kowa zuwa ba mu same ta ba."

Ban sayi filin ba. Ba tsoron zinariya ba ne, na san wadda ke rafin ba ta kai a kori kaza ba. Na dai kasa ganin ƙofar babanmu tsaye a wurin da aka tasa wata tsohuwa a gaba da bindiga. Da muka hango fitilun Denba Haruna ya ce a hankali, "Yaya, me za mu gaya wa Umma?" Wannan karon bai ƙara da "oke" ba.

Kwalbar ƙyallin nan kuwa, Idi, tunda ita ka damu da ita, na kai wa wani maƙerin zinariya a kasuwar Balad. Ya ɗaga ta a haske ya ce, "Ya sheikh, wannan ai takardar cakulan ce." Tana nan, in kana so ka zo ka ɗauka.

Umma na tarar a kan darduma. Na zauna na ba ta labari tun daga kare har fanke, ina ta jan zance don kada in iso ƙarshe. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ya ci dabinon?"

"Ya ci, Umma."

"A gabanka?"

"A gabana."

"To alhamdu lillahi, mun yi sallama an amsa." Ta ja carbinta kaɗan. "Su ma jan fenti aka shafa musu?"

Na ce su ko fentin ba a tsaya shafawa ba. Ta girgiza kai, ta yi wa kakar Lenad addu'a, matar da ba ta san sunanta ba. Na ga idonta ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo, na yi kamar ina neman wayata. Can ta ce, "Gobe ka kira ɗan Chadin nan mai sayen tsohon ƙarfe, ya zo ya ɗauki ƙofar. Tana tare wa mutane wurin shanya."

Na ce to. Har yau ban kira shi ba, ita ma ba ta sake tambaya ba. Jiya da na hau duba tanki na tarar an goge ƙofar tas, har an ɗiga mai a sakatarta.